Maki 73 a Ƙudurat ba faɗuwa ba ne, Baba

[Allon waya, saƙon murya a cikin WhatsApp. A rufe suna da lamba, kada a saki muryar.]

Assalamu alaikum jama'ar Makka, Jidda, Madina, Ɗa'if, da duk inda wannan bidiyo ya riske ku. Tun shekaranjiya saƙon nan yake yawo a tsakaninmu, ni kaɗai sau huɗu aka turo min shi. Wani bawan Allah ne, ransa a ɓace. Ɗansa ya fito da 98 a sanawiyya, wato sakandare, ya je ya rubuta Ƙudurat, jarrabawar auna basira ta neman shiga jami'a a Saudiyya, ya kawo 73. Ya ce yaro ya zubar da maki 25 a wasan waya, ya ƙwace wayar, kwana uku ke nan ba ya amsa gaisuwarsa. A ƙarƙashin saƙon kuwa sai taya shi ake yi: yaran yanzu sai addu'a.

Baba, in wannan ya iso gare ku, ba don na ga laifinku na kunna kyamara ba. Wanda bai damu da ɗansa ba, ransa ba ya ɓaci haka. Lissafin ne ba haka yake ba, kuma yaron nan yana can ɗaki yana shan horon laifin da bai yi ba.

[Zane: matakai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.]

Mu bi hanyar da gudu. Shekara uku a sanawiyya, a fito da maki. A rubuta Ƙudurat, ɓangare biyu, lafzi da kammi, wato na harshe da na lissafi. A rubuta Tahsili: bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi. Duka biyun cibiyar Ƙiyas ce ke shirya su, ba ruwan makarantar yaro. A haɗa ukun a fitar da nisba mauzuna, wato haɗaɗɗen makin da ake neman jami'a da shi. Da ita za a shiga dandalin Ƙabul da Ma'aikatar Ilimi ta buɗe a 2025, a jera zaɓin jami'o'i, a zauna jira. Wannan kowane ɗan aji uku zai zayyana muku shi da ka. Inda muke ɓata kuwa shi ne nan.

[Lambobi biyu a allo, 98 a dama, 73 a hagu. A bar su su daɗe.]

Lambobin nan biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Ta makaranta, kamar an ba yaro kwano ne aka ce ya cika. Ya cika saura kaɗan, aka rubuta masa 98. Ajin gaba ɗaya ma suna iya cika nasu, kowa ya tafi gida da casa'in da wani abu, ba wanda ya tauye wani. Ƙudurat kuwa ba ta tambayar nawa ka cika. Tambayarta ita ce, a cikin duk waɗanda suka zauna wannan jarrabawa, ina ka tsaya?

[Hoton sahun masallata daga sama, kyamara tana ja baya a hankali.]

Ku ɗauka ɗalibai ɗari ne aka jera su sahu bisa ƙoƙarinsu. Wanda yake tsakiyar jama'a daidai, rabi suna gabansa rabi suna bayansa, a makaranta za ku ce 50 ke nan. A Ƙiyas, 65 ake ba shi. Ku riƙe wannan lambar, ita ce tsakiya. A jadawalin da Ƙiyas ta daɗe tana yi wa mutane bayani da shi, mai 70 yana cikin talatin na gaba. Mai 73 yana cikin ashirin na gaba. Mai 78 yana cikin goma. Mai 81 ya shiga cikin biyar na sahun farko.

A sake nuna layin 73 ɗin. Yaron da aka ƙwace wa waya ya wuce wajen mutum tamanin cikin ɗari na waɗanda aka auna su tare. Babu wani maki 25 da ya zube. Ba a fara ƙirga masa daga 98 ba balle a ce ya sauko. Kuma jarrabawar nan ba ta da ci ko faɗuwa, ba wani layi da aka ja aka ce na ƙasa da shi ya faɗi. Tahsili ma haka ake karanta ta, ba da idon takardar makaranta ba.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. 73 ba za ta buɗe ƙofar likitanci ba a inda ake cinkoso, wannan gaskiya ce. Amma tsakanin "bai kai likitanci ba tukuna" da "ya yi wasa ya faɗi" akwai tafiya mai nisa, kuma yaro ya san bambancin ko da mu ba mu sani ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: ya san bai faɗi ba, kuma tarbiyyarmu ba ta ba shi damar ya ce wa mahaifinsa ba ku gane ba.

[Kalkuleta a hannu, ana dannawa.]

Yanzu mauzuna. Kowace jami'a da yadda take rabo, don haka a duba na wadda ake nema, Ummul Ƙura ce, ko ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, ko Ɗaiba a Madina. Mu ɗauki rabon da ya yi fice: 30 ga makaranta, 30 ga Ƙudurat, 40 ga Tahsili. Misali kawai. 98 ta ba da 29.4. 73 ta ba da 21.9. A ce ya samu 70 a Tahsili, 28 ke nan. Jimla 79.3. Yaron da tun firamare ba a taɓa ganinsa ƙasa da casa'in ba, yau ga sunansa kusa da saba'in da tara. Ku yi tunanin yadda zuciyar ɗan shekara 17 za ta ɗauki wannan, tun ma kafin kowa ya ce masa uffan.

Ga kuma wani abu da lissafin yake nunawa. In kun matsa masa ya kai 98 ɗin zuwa 100, abin da ya ƙaru a mauzuna 0.6 ne. In ya ƙara maki 5 a Tahsili, 2 cur suka ƙaru. Ƙudurat kuma ana sake ta, mafi girman makin ake ɗauka, kuma yana aiki har shekara 5. Ashe ƙofar ba ta rufe ba. Abin da yaro yake buƙata bayan zaman farko shi ne ya samu natsuwar da zai sake zama, natsuwa kuwa ba ta zuwa a gidan da aka daina amsa gaisuwarka.

[Babu zane a nan. Fuska kawai.]

Zan ɗan dakata, don wannan ɓangaren ba ni da hoton da zan nuna muku.

Ƙanwata ta kawo 68 a zamanta na farko. Ba wanda ya yi mata faɗa a gidanmu, Allah ya sani. Abin da aka yi kawai, wata baƙuwa ta zo, ana shan shayi, ta ce 'yar wance ta samu 90. Shi ke nan. Mako biyu yarinyar nan tana cewa ta ƙoshi. Fitilar ɗakinta ba ta mutuwa har kiran asuba. Mu kuma muna murna, muna cewa ta dage da karatu. Ranar da na shiga na zauna a bakin gadonta, littafin a buɗe yake a shafin da na gan shi tun makon jiya. Ta ce min: "Yaya, in na karanta ba ya shiga, kuma in na kwanta ƙirjina bugawa yake kamar zai fito."

Labarin zuciya a tambayi fuska, haka ne, amma fa sai an kalli fuskar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ciwon damuwa suna kan gaba. Ɗaya cikin bakwai, ku ƙirga yaran da ke zuwa tahfiz a unguwarku. Ɗan sanawiyya yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda yake kwana da gahawa da lemon ƙara kuzari yana bitar tambayoyin bara, ƙwaƙwalwar da zai shiga ɗakin jarrabawa da ita yake gajiyarwa.

[Hannu riƙe da katin iƙama, an rufe bayanan.]

Akwai kuma wani nauyi da yaranmu da yawa suke ɗauke da shi wanda ba ya cikin kowane jadawali. A cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai waɗanda mahaifiyarsu 'yar ƙasa ce, su ana yi musu kamar 'yan ƙasa wajen shiga jami'a. Akwai kuma masu iƙama, wato katin zama na baƙi, waɗanda a nan aka haife su, a nan suka yi rarrafe, amma ƙofarsu ita ce minha dahiliyya, wato gurbin karatu da ake ba baƙi mazauna ƙasar, ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya, kujerunta kuma ƙidayayyu ne. Sai ka ga yara biyu, benci ɗaya suka zauna shekara uku, mai iƙamar ya fi maki, abokinsa ya samu shi bai samu ba. In ba a zaunar da shi tun yana aji biyu an faɗa masa yadda tsarin yake ba, kansa zai ɗora wa laifi. A ganina wannan maganar haƙƙinsa ce a kanmu, kuma a yi ta da wuri, tare da sauran hanyoyin a kan tabarma: jami'o'in kuɗi, karatu ta intanet, koyon sana'a mai takarda, ko komawa gida a rubuta JAMB. Yaron da ya san ƙofa huɗu ba ya kallon ɗaya kamar ita ce rayuwarsa.

[Uwa da 'ya a kicin, daga baya aka ɗauka.]

To me za a ce in ya miƙo wayar da sakamako? Umma, kafin ku kalli lambar ku kalle shi. "Sannu da ƙoƙari, ya ka ji jarrabawar?" ta isa ta farko. Maganar sake zama ta jira gobe. Sunan ɗan wane kuma kada ya fito, ko da wasa. Na san a gidaje da yawa akwai kunyar ɗan fari, uba ba zai zauna hira da shi ba, uwa ko sunansa ba ta kira. Ba sai an karya al'ada ba. Ai don irin wannan Allah ya ba mu kawu da gwaggo da yaya. A tura wanda yaron yake sakewa da shi, su fita cin Albaik, a bar shi ya yi magana. Kaza mai zafi ta sha buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa.

Amma in abin ya kai mako biyu, ba ci, ba barci ko barcin ya yi yawa, ya janye daga abokai, abin da yake so da ya daina burge shi, wannan ya wuce hira. Mu da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Shahar, asibitin ƙwaƙwalwa na Ɗa'if, a ce ɗana ba mahaukaci ba ne. Ba wanda ya ce mahaukaci ne. Wasu kuma su ce baki ne, ko raunin imani. A garin nan na Makka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib. A yi ruƙya, a yi addu'a, a kuma kai shi ga likita, ɗaya ba ta hana ɗaya. A makarantarsa ma akwai muwajjih ɗullabi, wato malami mai ba ɗalibai shawara, aikinsa ke nan.

In kuwa kuka ji ya ce gara ma ba ya duniya, ko ya ce shi nauyi ne a kanku, kada a ce shirme ne na yara. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, likitoci sun daɗe da tabbatar da haka. Kada a bar shi shi kaɗai a daren, a kwashe magunguna daga inda hannunsa zai kai, a nemi taimako a take.

[Baƙin allo, lambobi da fari.]

937, layin Ma'aikatar Lafiya, dare da rana. 920033360, layin shawarwari na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In gaggawa ce, 997, motar asibiti.

Ƙanwata ta sake zama bayan wata huɗu. Ba zan faɗi abin da ta samu ba, ta roƙe ni kada in faɗa. Lambobin nan za su tsaya a allo daƙiƙa goma, ku ɗauki hotonsu. Wanda kuma ya san Baban da ya yi saƙon nan, don Allah ya tura masa, ya ce a fara daga wajen sahu.