Turancin Arewacin Ingila Da Ba A Koya Mana A Makaranta Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Ingila zamu leƙa, amma ba Landan ba, arewa muka nufa, wajen Yorkshire da Cumbria har bakin iyakar Scotland, inda in ka sauka da turancinka na makaranta wani dattijo ya buɗe baki ya yi maka magana wallahi sai ka rantse wani yaren daban yake yi.

Mu ga yaro misali. Mu child muka sani, su kuma bairn suke cewa. Ƙaramin rafi beck, wasa laik, coci kuma kirk musamman in ka matsa Scotland. Da ka ji sai kace ai turanci ne ya lalace a bakin ƙauyawa. To ba haka bane, yawancin kalmomin nan sun girmi turancin da ake karanta labarai da shi a BBC nesa ba kusa ba.

Ga yadda akayi. A shekarar 866 mayaƙan Viking, mutanen da suka tsallako teku daga yankin Denmak da Norway, suka kama birnin York suka maida sunansa Jorvik, kuma fa basu kwashi ganima sun koma gida ba, zama sukayi suka yi noma suka yi aure suka hayayyafa, to kaga dole harshensu ya shiga bakin mutanen wurin. Beck da laik da kirk duk daga nan suka fito. Shi bairn dama akwai shi a tsohon turanci, sai ya tarar da ɗan'uwansa a bakin baƙin sai ya ƙara kafuwa a arewa alhali a kudu ya ɓace, har gobe in kaje Suwidin ko Norway barn suke ce wa yaro.

Abin da yafi burge ni a York sunayen tituna ne. Zaka ga Coppergate, Micklegate, Stonegate, ka yi ta raba ido kana neman ƙofa babu. Ashe gate ɗin nan daga gata ne, wato titi a harshen Viking. Coppergate titin masu sassaƙa kofunan katako ne. Su kuma ainihin ƙofofin ganuwar garin bar ake ce musu, kamar Micklegate Bar. Baƙo ya shiga uku kenan.

Toh sai thou da thee, waɗanda ake gani a tsoffin littattafai mutane su ɗauka kalmomin girmamawa ne masu nauyi. Akasin haka ne. Thou shine kai ko ke, na mutum ɗaya, na aboki da ƙani da bara. You kuma ku ne, na jama'a da yawa, sai aka fara amfani da shi wajen girmama babba, kamar dai yadda zaka ce wa surukinka kun tashi lafiya duk da shi kaɗai ne a zaune. A hankali kowa yana tsoron kar ace ya raina wani, sai you ta cinye komai. A ƙarni na 17 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker suka kafe sai sun ce wa kowa thou, talaka ne ko alƙali, wai duk ɗaya ne a wurin Ubangiji, kuma sun sha duka da zagi akan haka. A Yorkshire kam thou bata mutu ba, ta koma tha, har yanzu tsofaffi na faɗi.

Akwai ma wanda yafi duk waɗannan tsufa. Makiyayan tumaki a tsaunukan arewa suna da ƙidayarsu: yan, tan, tethera, methera, pimp, wato ɗaya zuwa biyar. In sun kai ashirin sai su jefa tsakuwa a aljihu su sake daga farko. Wannan ba daga turanci ya fito ba sam, dangin harshen mutanen Wales ne, su ma biyar pump suke cewa.

To me yasa turancin Landan ya zama shine daidai? Can fada take, can kotu da kasuwa suke, kuma can a Westminster William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476. Ba wai yafi sauran kyau bane, gata ya samu kawai.

Wanda ya tsaya ya tattara kalmomin nan kafin su salwanta shine Joseph Wright, ɗan talakawa da aka haifa kusa da Bradford a 1855. Yana shekara 6 ya fara aikin kora jaki a wurin fasa dutse, daga nan masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15, amma mutumin nan sai da ya je Jamus ya yi digirin dakta ya dawo ya zama farfesa a Oxford. Ƙamus ɗinsa na karin harsunan turanci kundi 6 ne, ya fito tsakanin 1898 zuwa 1905, kuma da kuɗin aljihunsa ya ɗauki nauyin bugawa.