Jerin Mashigar Shafi Na Mai Shafi Ne

Lacca ce da aka gabatar wa matasa masu koyon gina shafukan intanet a Jos, aka rubuto ta daga rikodi.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke gaba, ƙannena maza da mata, barkanmu da warhaka. Na ga sanyin safiyar nan bai hana ku fitowa ba, har da masu zuwa daga Bukuru da Farin Gada. Allah ya yi albarka.

A kan abu ɗaya zan tsaya yau: layin nan da ke saman kowane shafi, Gida, Labarai, Game da Mu, Tuntuɓe Mu. Wannan jerin mashiga ba naka ba ne, kai magini. Na mai shafi ne. Naka shi ne ado, amma sunayen da ke ciki da yadda suke bin juna, daga rumbun bayanan manhaja ya kamata su fito.

Da WordPress, manhajar gina shafuka, zan yi misali, don ita yawancinku za ku riƙa taɓawa. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da ita a 2003, yau kuma tana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Akwai Drupal, akwai Joomla, tunanin duk ɗaya ne. Tun sigar 3.0 ta WordPress da ta fito a 2010, jerin mashiga ya zama abin da ake ajiyewa a rumbu kamar sauran rubuce-rubuce. Aikinka biyu ne kacal. A cikin fayil ɗin functions.php ka kira register_nav_menus, ka sanar cewa rigar shafinka, wato theme mai ba shi kama, tana da gurbin jeri a sama, wani a ƙasa. Sannan a header.php ka sa wp_nav_menu inda kake so ya bayyana. Daga nan mai shafi ya shiga ɗakin gudanarwa, ya jawo shafi ya ajiye a jeri, ya ɗan tura wani dama sai ya koma ƙarƙashin na samansa. Bai taɓa kod ba, bai kira ka ba.

Me ya sa nake nanata wannan? An taɓa kawo mini shafin wata makaranta a nan garin. Yaron da ya gina shi ya iya ado, babu shakka, amma da hannu ya rubuta mashigan a cikin HTML. Lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, sakatariyar makarantar ta zauna ta rubuta shafin neman gurbi tsaf, ta wallafa. Shafi yana nan, amma babu hanyar zuwa gare shi. Yaro ya tafi bautar ƙasa, lambarsa ba ta shiga. Iyaye suka riƙa biyan kuɗin Keke suna zuwa tambayar abin da ke rubuce a shafin. Wallahi abin ya dame ni, domin baiwar Allah ta yi aikinta, mu maginan ne muka ɗaure mata hannu.

To, ado fa? Abin da wp_nav_menu ke fitarwa jeri ne mai sauƙi, ul, li, da mahaɗi a cikin kowanne. Manhajar da kanta take maƙala masa alamomi. Shafin da mai karatu yake kai yana samun current-menu-item, wanda ke da 'ya'ya yana samun menu-item-has-children, 'ya'yan kuma suna cikin sub-menu. Waɗannan alamomin za ka bi da CSS. Kada ka ce mashiga ta uku ta zama kore, don gobe za a sauya mata wuri. Ka ce duk wadda ake kai a ja mata layi a ƙasa.

Ka jera su da display: flex, ka ba su tazara da gap, ka bar flex-wrap a buɗe. Kada ka ƙayyade faɗin kowace mashiga. Tela mai hankali in zai yi wa yaro ɗinkin sallah yakan bar sarari a kalmasa, ya san yaro girma zai yi. Yau mashiga biyar ce, baɗi takwas. Yau "Gida" ne, gobe "Sakamakon Jarrabawa".

Ga wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa, ƙannena, ku riƙe shi. Yawancin salon haruffa masu kyau da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka ga "Ɗalibai" harafin farko ya fita daban, ya fi sauran kauri ko ya karkace, don burawuza ta aro shi daga wani salon. In ka sa a mayar da jerin manyan baƙaƙe, abin ya ƙara muni. Noto Sans na Google yana da su, Andika na SIL ma yana da su. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "Ƙungiyoyi" da "Tuntuɓa" ka duba da idonka.

Sai waya. Mu a kwamfuta muke gini, mutanenmu a waya suke karatu. Jerin da ke saukowa in an ɗora linzami a kansa, a waya babu linzami, yatsa ne. Don haka in allo ya yi ƙasa da faɗin da ka zaɓa, yawanci pixel 768, ka naɗe jerin a bayan maɓalli, maɓalli na gaske, mai aria-expanded da ke sauyawa in an buɗe ko an rufe. Makaho mai amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta masa allon waya, da wannan yake sanin halin da jerin yake ciki. Kowace mashiga ta kai tsayin pixel 44, don babban yatsa ya same ta ba tare da ya taɓa maƙwabciyarta ba. A kwamfuta kuma ka haɗa hover da focus-within, sannan ka ajiye linzami ka bi jerin da maɓallin Tab. In ka maƙale, wani ma zai maƙale.

Filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, masu manyan jeri da hotuna a ciki, ni ba na ba da shawararsu ga makaranta ko ƙaramin shago. Data suke ci, kuma inda sabis ba shi da ƙarfi jerin ne zai zo a ƙarshe.

Wata ƙanwata can baya tana tambaya: in mai shafi ya cusa abu ashirin fa? Tambaya mai kyau. Akwai depth a cikin wp_nav_menu, ki sa 2, jerin ba zai wuce hawa biyu ba. Sauran kuma zama ne. Ki zauna da shi ki tambaye shi me mutane suka fi zuwa nema, ku tattara sauran a ƙarƙashin manyan kanu. Amma kada ki karɓe masa ikon gyarawa.

Masu amfani da sababbin riguna, tun sigar 5.9 ta Janairun 2022 akwai bulon Navigation, ana shirya jerin a cikin editan shafi, launi da salo kuma a theme.json. Masu tsohon tsari kuwa, duk gyaran da za ku yi ku yi shi a 'yar riga, wadda ke gadon uwar, in ba haka ba ranar da aka sabunta uwar aikinku ya goge.

Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa. Wanda bai zo da ita ba ya matsa kusa da ɗan'uwansa, mu fara da functions.php.