Cikon saiwar haƙori: na zafi ko na sanyi?

[Hotunan eksire biyu, gefe da gefe]

Ku dubi waɗannan. A na dama, farin layi ya bi saiwar haƙorin sumul har ƙasa, har da 'yan rassa kamar jijiyar ganye. Na hagu, to, ba yabo ba fallasa. Irin hotunan nan ne ke ta yawo, ana ta musu: wace hanyar ciko ta fi, ta zafi ko ta sanyi? Har wasu na tunanin komawa a tone musu nasu don bai kai na dama kyau ba. Ku dakata tukuna.

Bari mu bi hanyoyin da sauri. Wannan jan tsinken sunansa gutta-percha, asalinsa danƙon wata bishiya ce ta yankin Malesiya, tun ƙarni na 19 ake cikon haƙori da shi. A hanyar sanyi, likita zai sa babban tsinke ɗaya, ya matse shi gefe da siririn ƙarfe, ya yi ta cusa ƙanana har wuri ya ƙare. A ta zafi, wadda likitan haƙori Herbert Schilder ya bayyana a 1967, sai a ɗumama robar ta yi laushi, a danna ta ƙasa ta shiga lungu da saƙo. Akwai Thermafil, sanda mai ɗauke da robarta. Ga kuma ta yayi yanzu: tsinke ɗaya tak, sauran wurin manni ya cike.

Shi ke nan, kun gama da wannan. Yanzu ga inda ake yin kuskure.

[A rage gudun hoto: ruwan wanki na shiga saiwa]

Ciko ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Zan maimaita, don nan ne gizo ke saƙar. Aikin da ke warkar da haƙori ya riga ya faru kafin a taɓa robar: an cire ruɓaɓɓiyar jijiya, an goge bangon ramin da ke cikin saiwar da ƙananan zartuna, an yi ta wankewa da sinadarin hypochlorite, ɗan'uwan bilicin wanki. Shi ya sa ake shimfiɗa muku wannan mayafin roba a baki, kada ruwan ya taɓa ku, kada kuma yawu ya koma ciki. Ciko toshewa ce kawai, don abin da ya saura ya rasa wurin hayayyafa. Idan aka toshe ramin da bai wanku ba, an rufe ɗaki ne da ɓarawo a ciki, komai tsadar kwaɗon.

Kuma eksire ba ya nuna wanki. Ƙwayar cuta ba ta fita a hoto. Hoton ma gefe ɗaya yake gani. Ramin da ke da faɗi daga gaba zuwa baya zai iya fitowa cike taf alhali rabinsa iska ce. Dubi wannan turmin na sama. Saiwarsa ta gaba sau da yawa ramuka biyu ke gare ta, na biyun siriri kamar gashi. A cike uku da kyau a tsallake shi, hoto zai burge, mai haƙori kuwa ya kwana yana riƙe da kumatu.

To, wacce ta fi? A ɗakin gwaji, ta zafi ta fi cike lunguna, ba gardama. Amma da aka tattara binciken da aka yi kan marasa lafiya a 2007, sai aka ga warakar kusan ɗaya ce. Bambancin da ya fito shi ne ta zafi ta fi yawan zarcewa ta wuce bakin saiwa. Abin da ake so shi ne cikon ya tsaya a cikin milimita 2 na ƙarshe, kada ya gaza, kada ya zarce. Wannan ɗan farin dunƙulen da ya fantsama waje, wanda wasu likitoci ke ɗauka hoto suna alfahari da shi? Ni dai ban ga abin tafi ba, ko da yake galibi jiki na jure shi.

Da ni ne a kujerar, ba zan tambayi zafi ko sanyi ba. Likitan da hannunsa ya saba da ta sanyi ya fi mini wanda jiya ya sayi na'urar zafi. Tambayata ita ce: ramuka nawa ka samu, kuma yaushe za a rufe saman?

Saman nan ba ƙaramin abu ba ne. A 1995 masu bincike Ray da Trope sun duba hotunan haƙora fiye da 1,000, suka ga ingancin rufin sama na da babban tasiri kan lafiyar saiwa. Cikon wucin gadi ba a yi shi don ya shekara ba. Idan ya fara yoyo, yawu zai bi gefen robar ya gangara.

[A koma hoton dama, a matso kusa]

Ku bar kallon saiwar, ku kalli sama. Kun ga wannan siririn baƙin layi tsakanin rufi da haƙori? Ta nan yawu ke shiga.