Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu a Wurin Koyon Tatsuniya da Wasan Ƴar Tsana, Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, wakilin mai martaba Sarkin Katsinar Maraɗi, malamanmu, iyayenmu mata, ƴan makaranta da sauran jama'a, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, a madadin masu koyarwa da masu koyo a wannan wuri, ina yi maka lale marhabin. Daga Yamai zuwa nan tafiya ce ta fiye da kilomita 600, ga zafi ga aiki, amma ka tako da ƙafarka. Sannu da hanya, Allah ya saka da alheri.

Za ka lura ba mu jera kujeru da yawa ba, tabarmi muka shimfiɗa, domin aikin namu a zaune a ƙasa ake yin sa. Tabarmar da ke damanka ta masu haɗa ƴar tsana ce. Yaro zai ɗauki karan dawa ya ɓare bayansa siri-siri, ya yanka farin cikinsa gunduwa-gunduwa, ya soke su da ɓawon nan har hannu da ƙafa su fito, kamar dai yadda ake motar kara. Ƙaramin duma shi ne kai. Riga kuwa daga ragowar ƙyallen da teloli ke ba mu ake ɗinka ta. Abin da ya fi ba su wuya shi ne ɗaurin zare a gwiwar hannu: in ya yi tsauri ƴar tsana ta sandare, in ya yi sako-sako ta langaɓe. Ba a koyon wannan da baki. Sai yaro ya ɓata kara biyu ko uku, kakarsa na gefe tana riƙe masa, sannan hannunsa ya faɗa.

Ɗaya tabarmar ta iyayenmu mata ce, su ne malaman gatana. Da tsohuwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta," to wuri ya yi tsit. A nan ake koyon tsamin bakin Gizo, da haƙurin Ƙoƙi, da kwaɗayin Kura, da inda ake tsayawa a rera waƙa kowa ya kama amshi, har a kai ga "Ƙurunƙus." Mun san an ce mai tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, amma iyayen namu da kansu suka yarda su zauna da hantsi, don sun ga daren da ake yin ta waya da talabijin sun cinye shi.

Wasu kan ɗauka wasan ƴar tsana baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Ba haka ba ne, ranka ya daɗe. A ƙasar Hausa an san ɗiyan dabo: mai wasa ya shige ƙarƙashin babbar riga, ƴan mutum-mutumi su leƙo ta wuyanta suna faɗa da juna da siririyar murya, jama'a na dariya. Yaranmu suna tashe daga goma ga watan azumi. Damagaram tana da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon masu mulki. A Mali, Bamana da Bozo na yankin Segu suna fito da manyan dabbobin itace da ƙyalle su yi rawa, har UNESCO ta sa bikin garin Markala cikin kayan gadon duniya a 2014. Wasan Kwagh-hir na Tibi a jihar Binuwai ta Najeriya ya shiga a 2019. Muna nuna wa yaranmu hotunan waɗannan wasanni, su gwada kwatanta su da kara da duma, su san cewa maƙwabtanmu sun riƙe nasu har duniya ta san da shi.

Akwai iyayen da suka yi ɗari-ɗari da farko, suna tsoron kada abin ya taɓa addini. Ba mu raina tsoronsu ba. Mun je wurin malamai, suka tuna mana cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴaƴan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babu tsafi a aikinmu, babu rufa-ido. Kowane yaro ya san zare ne ke motsa hannun, tunda shi ya ɗaura.

Yanzu ga kukanmu. A 2025 hukumomin ƙasa sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mun yi murna ƙwarai. To amma yaron da bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya kai labari daga farko har ƙarshe da harshensa ba, me ya riƙe a cikin harshen? Muna roƙon a ware wa tatsuniya da wannan aikin hannu ko da awa ɗaya a mako a makarantun firamare, a kuma bar tsofaffin unguwa su shiga aji su koyar, a riƙa ba su ɗan abin goro. Muna kuma neman ɗaki guda mai ƙofa. Kayanmu na kara ne, damina da gara ba sa barin su, kowace shekara sai mun sake sabon lale. Na ƙarshe shi ne na'urar ɗaukar murya. Yawancin matan nan sun manyanta, kuma a cikin Bagalam da Mokoyo da Maradawa, har Tsibiri da Madarumfa, akwai masu gatana da ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba.

Ranka ya daɗe, yara sun shirya maka wasan Gizo da Kura da ƴaƴan tsanar da suka haɗa da hannunsu. Kafin su fara, muna gayyatarka ka zagaya tabarmin nan, mun kuma ajiye maka naka karan da zare ko za ka gwada. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.