Jawabi Kan Binciken Ɗiyarmu: Lissafi a Filin Ƙwallo

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Minti biyar aka ba ni, kuma kan wata ɗiyarmu 'yar sakandare zan ƙarar da su. Ta roƙe ni kada in kama sunanta. Ga ta can ta sunkuyar da kai. Binciken da ta yi wa makaranta a kan lissafin yiwuwa ne, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi, kuma da ƙwallon ƙafa ta gwada shi.

Da ta kawo mini takardun, sai ta jefo mini tambaya: Kawu, 'yan wasa 22 da alƙali, mutum 23 ke nan a fili. Anya za a samu biyu da suka haɗa ranar haihuwa? Na ce haba, kwana 365 fa! Ta ja biro ta nuna mini cewa mutum 23 suna ba da haɗin bibbiyu har 253, don haka yiwuwar ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Sau biyu na bi lissafin, na rasa inda zan kama ta.

Sai bugun fenariti. Ta ce a ɗauka ɗan wasa yana cin uku cikin huɗu. Yiwuwar ya ci biyar a jere 243 ce cikin 1024, ba ta kai kashi 25 ba. Mu da muke zagin ɗan wasa in ya ɓarar da guda ɗaya, sai mu sassauta.

Na san abin da wasu iyaye ke raya wa a zuci: wannan ai hanyar caca ce. Gaskiya ne, a kan wata tambayar caca masana lissafi biyu, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu a Faransa a 1654, daga nan fannin ya kafu. Amma da shi likitoci ke gwada ingancin magani yau, da shi ake hasashen ruwan sama. Kuma yaron da ya iya shi ya fi kowa sanin cewa kamfanin caca ya cire ribarsa tun kafin a take leda.

Babi ɗaya ya rage mata, kan ƙa'idar Poisson ta 1837, wadda ake ƙiyasta yawan ƙwallayen wasa da ita. Nan ilimina ya tsaya. In akwai wanda ya karanci ƙididdiga a cikinmu, don Allah ya ga sakatare kafin a watse.

Na gode.