Georgie Sicking: Makiyayiyar da ta Tsaya a Fagen Waƙar Kaboyi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai da malamai. Laccarmu ta yau a kan Georgie Sicking ce, wadda aka haifa a jihar Arizona ta Amurka a 1921, ta rasu a 2016. Kada ku tuno kaboyin fim mai harbe-harbe. Kaboyin gaskiya makiyayi ne da ake biya lada ya bi shanu a kan doki, kuma a zamanin ƙuruciyarta ba a ɗaukar mace wannan aiki. Ita kuwa ta nace sai da aka ɗauke ta.

Sai kun san aikin za ku gane waƙoƙinta. Ɗauki kamun saniyar da ta gudu ta zama ta daji a duwatsun Arizona. Mahayi zai bi ta da sukuwa, ya jefa mata zarge a ƙaho, ya naɗe igiyar a ƙwacciyar sirdi. Nan ne haɗarin yake. In babban yatsa ya shiga tsakanin igiya da ƙwacciya lokacin da saniyar ta fizga, to yatsan ya tafi, shi ya sa ake naɗin da yatsa a sama. In majayi bai ɗauru ba, sirdi ya juye da mahayi. Bayan an kayar da saniyar sai a ɗaure ta a gindin itace, a bar ta kwana ɗaya ko biyu har taurin kanta ya karye, sannan a jawo ta gida. Georgie ta yi wannan, ta kama dawakan daji ta hore su, tana kuma buga wa dawakinta takalmin ƙarfe da kanta, aikin da ake maimaitawa duk mako shida zuwa takwas, don kofato yana tsiro, in aka bar shi doki ya fara ɗingishi. Ƙungiyar masu shanu ta Nebada ta ba ta lambar yabo ta tafiyar mil 100,000 a kan doki, wato kusan kilomita 160,000.

To, ya waƙar take? Ba kiɗa, ba 'yan amshi. Mutum yakan tsaya ya karanto da ka. Yawanci baiti ɗango huɗu ne, amsa-amo kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti, saɓanin rubutacciyar waƙarmu da babban amsa-amo ɗaya ke ratsa ta daga farko har ƙarshe. Abin da ke kayar da sababbin shiga biyu ne: cusa kalma don kawai ta yi amsa-amo, da kuskure a kan aikin kansa. Masu sauraro makiyaya ne. Ka ɗaura sirdi ba daidai ba a cikin baiti, sun daina jin ka. A ganina ƙarfin Georgie a nan yake, ba a adon harshe ba.

A 1985 aka fara taron mawaƙan kaboyi a garin Elko na Nebada, ana yin sa a ƙarshen Janairu, lokacin da aikin garke ya yi sauƙi kafin shanu su fara haihuwa. Tana cikin waɗanda suka tsaya a taron farko. Waƙarta da aka fi nema ita ce "Housewife": sun je banki neman rance, ma'aikaci ya rubuta mijinta mai kiwo, ita kuma ya rubuta matar gida. Sai ta yi ta jero masa ayyukan da hannunta ya yi a daji, cikin ba'a mai zafi. Matan makiyaya da ke zauren sun san wannan ƙaiƙayi.

A 2010 aka sa sunanta a zauren karrama matan kaboyi da ke Fort Worth a Texas. Ƙarshen rayuwarta a Kaycee ta jihar Wyoming ta yi shi. Yanzu sai tambayoyi.