Me ya sa ake rufe littafi a minti 15? Yini guda a makarantar gida

Ƙarfe takwas da rabi aka buɗe littafi, kafin sha biyu an tattara komai. A kan wannan ake ta ce-ce-ku-ce a 'yan kwanakin nan, wai yaran da iyayensu ke koyarwa a gida wasa kawai suke yi, tunda takwarorinsu suna can cikin aji har rana ta karkata. To ku biyo mu, amma ku sa ido a kan ɗan agogon da ke gefen teburin nan.

Yara biyu ne, ƙaramin shekararsa 6, yayarsa 9. Da lissafi aka fara, tun kai bai ɗau zafi ba. Shi yana ƙirga da maɓallai, ita tana fama da rabawa. Lissafi da koyon karatu ba a haɗa yara a kansu, kowa da matakinsa, shi ya sa uwar ke zama da ɗaya yayin da ɗayan ke kwafar jimla biyu a littafin rubutu, sannan su yi musaya.

Yauwa, ga ƙararrawa nan. Ku dubi shafin da kyau: saura tambaya uku ƙaramin bai taɓa ba, amma uwar ta rufe littafin.

Wannan rufewar ce mutane ba su gane ba, suna ɗauka sakaci ne ko shagwaɓa yaro. Tsarin ya daɗe. Wata malama 'yar Birtaniya, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ita ta yi fice da shi: darasin ƙananan yara ya tsaya a minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙarawa a hankali yayin da suke girma. Hujjarta ita ce yaron da ya san zaman awa guda ke gabansa jan ƙafa zai koya. Ya tauna fensir, ya leƙa taga, ya tuna yana jin ƙishirwa sau uku. Wanda ya san zaman ɗan kaɗan ne, zai iya ba da hankalinsa gaba ɗaya. Natsuwar ake horarwa, tambayoyi ukun nan kuwa gobe suna nan. Idan kuma da gangan ya ɓata lokacin, duk da haka ana rufewa, sai a cire ragowar daga lokacin wasansa.

Sai dai gajarta darasi ita kaɗai ba ta yin komai, tana da sharuɗɗa. Abin da zai biyo baya dole ya zama aiki na daban. Kun ga bayan lissafi ba a sake miƙa masa fensir ba, tashi suka yi, ana waƙa ana tsalle. Sauyin aikin shi ne hutun. Wanda ya jera lissafi, rubutu da nahawu a jere, ko da minti ashirin-ashirin ne, zaman awa guda ya yi wa yaro, sunan kawai ya canza.

Ɗaya sharaɗin ya fi wuya. Ku saurari nan. Darasin kimiyya ne, kuma shi tare suke yi. Uwar ta karanta sakin layi biyu kan yadda rana ke ɗaga ruwa sama ya zama gajimare. Sau ɗaya tak ta karanta. Sai ta ajiye littafin ta ce, "Auta, faɗa mini abin da ka ji." Ƙaramin ake fara tambaya, don idan yayar ta fara ba za ta bar masa komai ba. Ita kuma, da yake ta kai shekarun rubuta nata, a takarda za ta zuba. Da yaro zai san za a maimaita masa, ba zai saurari na farko ba. A ganina, yawancin masu kwaikwayon tsarin nan gajartar kawai suke ɗauka su watsar da wannan, kuma a kansu masu sukar suna da gaskiya.

Su kuwa makarantu, ba laifin malamai ba ne yininsu ya yi tsawo. Kiran suna, rarraba littattafai, jiran aji ya yi shiru, duba aikin yara talatin ɗaya bayan ɗaya, duk lokaci ne. Uwa mai yara biyu tana ganin kuskure tun fensir bai bar takarda ba.

Sauran yinin ku kalla da kanku. Kofin ruwan zafi, faranti a kai, ƙanƙara a saman farantin, ga ɗigon ruwa yana taruwa a ƙasan farantin. Taswira, a nemo teku. Minti goma na wani harshe. Zane. Bayan nan sai waje, da ɗakin karatu, da wasa da sauran yara.

Af, wani abu kuma: doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka an halatta karatun gida a duka jihohi 50, kowace da ƙa'idojinta, a Jamus kuwa an hana. Kafin kowa ya cire ɗansa daga aji, ya fara bincika abin da dokar ƙasarsa ta ce.